Yadda Ake Saita Jitar Bas Ta Sauka Ƙasa Da Tsirkiya Mai Kauri

Da wuya wata ya wuce ba tare da wani daga cikin samarin makaɗa na Garwa ya shigo shagona da jitar bas mai tsirkiya huɗu yana kukan abu ɗaya ba: mai piyano yana sauka har Re ko Do na ƙasa, ko kuma mawaƙiyarsu ta fi sakewa a Mi bemol, wadda ke ƙasa da Mi kaɗan, shi kuwa bas ɗinsa ta tsaya a Mi. Yawancinsu sun riga sun gwada sassauta kunnuwan jitar, wato ƙarafan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, tsirkiyar ta yi sako-sako tana dukan wuya, muryar ta dushe. Maganin shi ne tsirkiya mai kauri, amma ɗaura ta kaɗai ba ya gama aikin, domin duk saitin jitar an yi shi ne bisa kaurin tsirkiyar da ta zo da ita. Aikin yana da jeri, kuma wanda ya tsallake wani mataki sai ya dawo ya maimaita na gabansa.

Sunayen sassan da zan yi amfani da su

Ƙarafan da aka kafa a gicciye a kan wuya su ne firet. Ɗan farin abin da tsirkiyoyi ke kwanciya a kansa a ƙarshen wuya, kusa da kunnuwa, ina kiransa matashin kai, masu jin Faransanci kuma suna ce masa siye. Ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jitar shi ne jaki, kamar dai yadda masu garaya da goge ke kiran nasu, kuma kowace tsirkiya tana da nata ɗan sirdi a kansa. A cikin wuya akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa. Abin da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiyoyi shi ne mikiro.

Kayan aiki

Za ka buƙaci sabbin tsirkiyoyi, da na'urar saita murya ko manhajarta a waya, da makullan Allen, waɗanda masu gyaran babur ke kira kile alen. Ƙarami daga cikinsu na sirdi ne, babban kuma na sandar wuya ne; jitocin da aka ƙera a Asiya sukan ɗauki milimita 4 ko 5, da yawa daga cikin na Amurka kuma inci 3/16. Dole makullin ya shiga cif, domin wanda ya yi ƙaranci kaɗan yana cinye bakin notin, kuma wannan ɓarna ce mai wuyar gyara. Sai sukudireba mai gicciye, da filaya mai yanka waya, da rular ƙarfe mai milimita wadda sifilinta ya fara daga bakinta, da fensir, da tsumma mai tsabta, da salatif na takarda, da sanfefa mai laushi, lamba 220 da lamba 400.

Akwai abubuwa uku da ba kowa ke da su ba. Na farko shi ne siraran ƙarafan awo da makaniki ke auna tazarar bawul da su. Ana iya aro a garejin babura, idan kuma ba a samu ba, guntun tsirkiyar jita mai lamba 12 kaurinsa milimita 0.3 ne, wato daidai abin da muke nema. Na biyu shi ne kafo, wanda zai danne tsirkiyoyi a firet na farko; fensir da robar ɗauri suna yin aikinsa, ko ka sa wani ya danne maka da yatsa. Na uku shi ne magagari na musamman na matashin kai. Ban taɓa ganinsa a kasuwa a nan ba, shi ya sa zan bayyana yadda ake yi da bakin huda na kafinta da sanfefa.

1. Ka yanke shawarar inda za ka sauka, sannan ka zaɓi kauri

Lambar da ke jikin kwalin tsirkiya tana nuna kaurinta ne a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na inci. Lamba 105 kaurinta kusan milimita 2.7 ne, lamba 130 kuma milimita 3.3. Jerin da aka saba da shi a ɗaurin Mi, La, Re, Sol shi ne 105, 85, 65, 45, kuma a kan bas mai tsawon inci 34, wato milimita 864 daga matashi zuwa jaki, su huɗun suna jan wuya da nauyin da ya kai kimanin kilo 80. Tsawon nan na inci 34 shi ne wanda Leo Fender ya sa wa Precision Bass a 1951, kuma har yau mafi yawan abin da ke hannun makaɗa a kansa yake.

Abin lura guda ɗaya ne. Idan ka sauke tsirkiya da rabin mataki, wato bambancin muryar firet ɗaya da na kusa da shi, ƙarfin janta yana raguwa da kusan kashi 11 cikin 100. Idan mataki guda ne, kusan kashi 20. Idan kuwa ka sauke Mi har zuwa Si, kusan kashi 44 ne ke tafiya. Kauri shi ke mayar da abin da ya tafi. Saboda haka burinka ba shi ne ka sayi mafi kauri a kanti ba, burinka shi ne jan da wuyan ya saba da shi ya dawo kusan yadda yake.

Ga abin da nake sawa. Wanda zai sauke duka huɗun da rabin mataki, jerin 105 ya ishe shi, sai ɗan gyaran wuya. Wanda zai sauke Mi kaɗai zuwa Re ya nemi 110 a madadin 105, sauran ukun su zauna. Wanda zai sauke duka da mataki guda, su zama Re, Sol, Do, Fa, ya nemi jerin da ya fara daga 110 ya ƙare a 50 ko 55. Do na ƙasa tana son 120 ko 125. Si kuma tana son 130, ko 135 ga mai nauyin hannu.

Ɗaurin da na fi ba da shawara a kansa shi ne Si, Mi, La, Re. Dalilin shi ne samuwar kaya: jerin tsirkiya na musamman don sauka ƙasa yana da wuyar samu ko a Duwala da Yawunde, balle Marwa ko Njamena, amma jerin bas mai tsirkiya biyar, 130, 105, 85, 65, 45, duk mai sayar da kayan kiɗa ya san shi, kuma ana iya aiko maka da shi ta jirgin ƙasa zuwa Ngawundere ko ta Yola. Ka ɗauki huɗun masu kauri, ka ajiye 45. Yatsunka ba su canza komai ba, domin tazarar murya da ke tsakanin tsirkiya da tsirkiya ba ta canza ba, ka dai rasa Sol ta sama ka sami Si ta ƙasa. Mutane suna tsoron cewa wannan kauri zai karya wuya, alhali tsirkiyar Si mai lamba 130 ba ta ja kamar Sol mai lamba 45 da ka cire, don haka jimlar jan takan ɗan ragu ne ma.

Ka duba tsawon da aka rubuta a kwali. Idan bas ɗinka gajeriya ce mai inci 30, ba na ba ka shawarar sauka ƙasa da Re, domin Si a kan gajeren wuya ba ta fita sarai kome kaurin tsirkiyar. Idan tsirkiyoyinka suna ratsa jikin jitar daga baya, ko kuma tsawonta inci 35 ne, ka nemi masu ƙarin tsawo.

2. Ka auna komai kafin ka kwance

Ka saita jitar a tsohon ɗaurinta, ka riƙe ta yadda kake kaɗa ta, ka auna tazarar da ke tsakanin saman firet na 17 da ƙasan kowace tsirkiya, ka rubuta. Ka ɗauki hoton jakin da waya don ka tuna inda kowane sirdi yake. Sannan ka sassauta tsirkiyoyin a hankali ka cire su. Kada ka yanke su suna ɗaure. Ka ajiye tsofaffin, za su yi amfani nan gaba. Tun da wuya ya zama tsirara, ka goge dauɗa da tsumma, ka ɗaure duk notin kunnen da ya yi sako-sako.

3. Ka gwada ramin jaki

Ka zura tsirkiya mafi kauri ta ramin jakin har ƙwallon ƙarshenta ya zauna. A wasu jitocin masu araha lamba 130 tana maƙalewa a daidai wurin da aka naɗe ta kusa da ƙwallo. Kada ka ja ta da ƙarfi, za ka kwance naɗin. Ka cire jakin daga jikin jitar, ka faɗaɗa ramin kaɗan da siririn magagari mai zagaye ko bakin huda na milimita 4, ka goge kaifin bakin ramin. Idan ka ɗaga jakin za ka ga 'yar waya a ƙarƙashinsa. Ita ce ke hana jitar gunji a ampili, wato na'urar ƙara sauti, ka tabbata ta koma tana taɓa ƙarfen. Wanda ya sami tsirkiyar da aka sirantar da gindinta ya huta da wannan mataki.

4. Faɗaɗa ramukan matashin kai

A nan ne nake so ka fi natsuwa, domin yawancin sauran matakan ana iya mayar da su baya da makulli, wannan kuwa abin da ka goge ya tafi ke nan. A ɗaurin Si, Mi, La, Re kowace tsirkiya tana komawa ramin wadda ta fi ta siranta, don haka ramukan huɗu duka suna buƙatar ƙarin faɗi na kimanin rabin milimita, na Si ma ya ɗan fi haka. Faɗi kake nema, ba zurfi ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: mutum ya shiga goga, ya ci ƙasan ramin, tsirkiyar ta kwanta a kan firet na farko tana ziza ko ba a danna ta ba.

Ka manna salatif a gaban matashin da bayansa don kare katako. Ka ɗauki fensir ka baƙanta ƙasan kowane rami sosai. Wannan baƙin shi ne shaidarka: muddin yana nan, ba ka taɓa zurfin ba. Sannan ka ɗauki bakin huda wanda ya ɗan fi tsirkiyar siranta, ka naɗa masa sanfefa lamba 220 zagaye ɗaya. Ga ramin 130, bakin milimita 2.5 ko 3 yakan yi, gwargwadon kaurin sanfefar. Ka goga gefen hagu sau uku ko huɗu, ka goga gefen dama haka nan, kana ɗan karkatar da hannunka zuwa wajen kunnuwa, domin tsirkiyar ta tashi daga bakin matashin da ke fuskantar firet. Idan ta tashi daga tsakiya ko daga baya, muryar ba za ta taɓa daidaituwa ba. Bayan kowace 'yar goga ka ɗora tsirkiyar ka gani. Ramin ya yi idan tsirkiyar ta sauka har ƙasa ba tare da ka danna ta ba, kuma ta fita ba tare da ta kama ba, amma ba ta rawa hagu da dama.

A ramukan gefe, wato na farko da na huɗu, ka fi cin ɓangaren ciki, domin katangar waje siririya ce. Na taɓa karɓar bas ɗin wani yaro mai kaɗa wa ƙungiyar biki, wanda ya ɗora 130 a ramin 105 ya yi ta murɗa kunne yana jiran ta shiga da kanta. Ta shiga ɗin, amma ta tafi da kusurwar matashin, ana saura kwana biyu su tafi wasa Marwa. Matashin roba ba ya jure irin wannan matsi, musamman wanda ya sha zafin Garwa shekaru ya bushe.

Idan babu bakin huda, guntun tsohuwar tsirkiya mai kaushi yana aiki kamar magagari a kan roba, sai dai yana da jinkiri: tsohuwar 105 ta buɗe tsohon ramin La, tsohuwar 85 ta buɗe tsohon ramin Re, tsohuwar 65 ta buɗe tsohon ramin Sol. Ga ramin 130 kuma ka naɗa wa tsohuwar 105 sanfefa. Idan ka gama, ka bi ramukan da lamba 400, ka sake shafa fensir, domin baƙinsa yana sa tsirkiya ta zame.

Idan tsautsayi ya sa ka zurfafa rami, ka zuba masa ɗan garin bikarbonat, ka ɗiga masa digo ɗaya na gam mai kamawa nan take, ka bar shi ya sandare, ka sake goga. Yana riƙewa watanni, amma maganin dindindin shi ne sabon matashi, kuma ƙashin saniya busasshe ya fi robar da jitar ta zo da ita. Wanda yake tunanin zai koma tsohon ɗauri wata rana, gara ya sassaƙa sabon matashi tun farko, ya ajiye na asali.

5. Ɗaura tsirkiyoyin

Ka zura tsirkiya ta jaki, ka miƙe ta ta wuce kunnen da za ta hau da kimanin santimita 10. A nan ka lanƙwasa ta da filaya lanƙwasa mai kaifi, sannan ka yanke a bayan lanƙwasar, ka bar ɗan tsinin da zai shiga ramin tsakiyar kunnen. Lanƙwasawa kafin yanka tana hana naɗin waje kwancewa daga wayar ciki, abin da ke kashe muryar sabuwar tsirkiya tun ba a kaɗa ta ba. Ka lura cewa ɓangaren da aka sirantar shi ya kamata ya naɗu a kunne. Idan kaurin 130 ɗin kansa ya hau siririn kunne, yana iya tsinkewa a wurin.

Ka murɗa kunnen da hannu, naɗi biyu zuwa uku, kowanne yana sauka ƙarƙashin na gabansa, domin tsirkiyar ta danne matashi da kyau. Kada ka naɗa tsirkiyar a kunne da hannu don sauri, hakan yana murɗe ta, kuma tsirkiya mai kauri da ta murɗe tana ba da wata murya mai rawa da ba ta gyaruwa. Kafin ta ɗauru sosai, ka saki ƙwallon da ke jaki ya juya yadda yake so.

Idan duka sun kai murya, ka sa babban yatsa ka danna kowace tsirkiya da ƙarfi a gaban sirdi, ka yi haka a gaban matashi. Tsirkiya mai kauri tana da taurin kai, ba ta lanƙwasuwa a kan sirdi da kanta, sai ta yi baka a sama, kuma duk awon da ka yi kafin ka kwantar da ita ƙarya ne. Ka ja kowace ɗaya sama kaɗan sau biyu ko uku, ka sake saitawa har ta daina sauka. Na'urori da yawa, musamman na waya, ba sa jin Si ta ƙasa, domin kaɗawarta kusan sau 31 ce a daƙiƙa, alhali Mi sau 41 ce. Ka ɗora yatsa a kan tsirkiyar daidai saman firet na 12 ba tare da ka danna ba, ka kaɗa. Siririyar muryar da za ta fito Si ce ta sama, kuma na'urar za ta kama ta.

6. Sandar wuya

Wuya yana buƙatar ɗan kwari a tsakiyarsa, inda tsirkiya ta fi faɗin kaɗawa. Ka danne tsirkiya mafi kauri a firet na farko da kafo, ka danna ta a firet na ƙarshe da yatsa, ka duba tazarar da ke tsakaninta da saman firet na 8. Kamfanin Fender yana ba da milimita 0.3 zuwa 0.35 ga basosinsa. Ga ɗaurin ƙasa nakan bar shi tsakanin 0.35 da 0.4, domin tsirkiyar tana yawo fiye da ta Mi. Idan tsirkiyar ta kwanta a kan firet ɗin babu tazara, wuya ya miƙe da yawa ko ya yi doro, sai a sassauta sandar. Idan tazarar ta yi yawa, sai a ɗaure.

Kana fuskantar notin, murɗi irin na tafiyar hannun agogo ɗaurewa ne, yana miƙar da wuya. Akasin haka sassautawa ne. Ka yi alama da fensir a inda notin yake kafin ka taɓa shi. Kada ka wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya, kuma idan ɗaurewa za ka yi, ka fara sassauta tsirkiyoyin tsakiya don ka rage wa sandar nauyi. Bayan kowane murɗi ka mayar da jitar murya, ka ba katako ɗan lokaci, sannan ka sake awo. Ni nakan yi na farko da yamma in duba da safe.

Idan notin ya ƙi motsi, ka fara juya shi baya kaɗan. Idan ya yi tauri har kana jin sai ka sa ƙarfin kafaɗa, ko ka ji katako yana ƙara, ka tsaya nan. Sandar da ta tsinke a cikin wuya, gyaranta yakan fi kuɗin jitar. A wasu basosin notin yana gindin wuya ne, a jikin jitar, har sai an kwance sukurori huɗu na baya an ɗan ɗaga wuyan kafin a kai gare shi. Aiki ne mai gajiyarwa, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Yadda zizar take tana gaya maka inda matsalar take. Ziza daga firet na 1 zuwa na 5 tana nufin wuya ya miƙe da yawa. Ziza daga na 12 zuwa sama tana nufin sirdi ya yi ƙasa, ko kwarin ya yi yawa an rufe shi da sauke sirdi. Ziza a firet ɗaya tak tana nufin na gabansa ya ɗago, kuma wannan ba aikin sanda ba ne.

7. Tsayin tsirkiya da tsayin mikiro

Sai wuya ya zauna sannan ake taɓa sirdi. A firet na 17, awon da Fender ke bayarwa ga yawancin basosinsa na zamani shi ne kimanin milimita 2.4 a ɓangaren kauri da milimita 2 a ɓangaren siranta. Ga Si ko Do nakan fara daga 2.8, in sauko har inda ziza ta fara, in ɗan koma sama. Idan rularka ba ta da kyau, ka zura makullin Allen na milimita 2.5 ko 3 tsakanin firet da tsirkiya, shi ma awo ne. Kowane sirdi yana da ƙafa biyu. Ka bar su daidai da juna, kuma tsirkiyoyin tsakiya su ɗan fi na gefe tsayi, su bi kumburin fuskar wuya. Ka gwada da irin ƙarfin da kake kaɗawa a filin biki, ba irin na cikin ɗaki ba. Ziza kaɗan da ba ta fitowa a ampili ba abin damuwa ba ce.

Yanzu ka sake duba matashi. Ka danna tsirkiya a firet na 3, ka dubi saman firet na farko: ya kamata a ga tazara siririya kamar kaurin takarda. Idan ta yi yawa, tsirkiyar ba ta kai ƙasan raminta ba, ka koma mataki na 4.

Tsirkiya mai kauri ƙarfenta ya fi yawa, maganaɗisun mikiro ya fi janta, kuma ta fi sauran ƙara. Ka danna firet na ƙarshe, ka bar kimanin milimita 3 zuwa 3.5 tsakanin mikiro da tsirkiya mafi kauri, milimita 2 zuwa 2.5 a ɗaya gefen, sannan ka saurara ko huɗun suna fita da ƙarfi ɗaya.

8. Daidaita murya a tsawon wuya

Wannan shi ne na ƙarshe, domin duk abin da ya gabata yana canza shi. Ka saita tsirkiya, ka kaɗa siririyar muryar firet na 12 ta hanyar taɓawa, sannan ka danna firet na 12 ɗin da irin ƙarfin da ka saba, ka kwatanta su a na'ura. Idan wadda ka danna ta fi tsini, wato muryarta ta ɗan hau sama, tsirkiyar ta yi gajarta, ka ja sirdin baya, nesa da wuya. Idan ta yi ƙasa, ka tura shi gaba. Ka sassauta tsirkiyar kafin ka ja sirdi baya, in ba haka ba za ka cinye kan sukurun. Bayan kowane motsi ka sake danna ta a gaban sirdin, ka sake saitawa.

Tsirkiya mai kauri kusan kullum tana son sirdinta ya koma baya sosai, kuma a jakuna da yawa sirdin 130 yakan kai ƙarshe alhali muryar ba ta daidaita ba. Ka cire sifirin ɗin da ke bayan sirdin ka yanke rabinsa, ko ka cire shi gaba ɗaya, za ka sami ƙarin milimita biyu ko uku. Idan tsinin sukurun ya fito yana taɓa tsirkiyar, ka rage shi da magagari. Idan duk da haka ba ta kai ba, ka daidaita ta a firet na 5 da na 7, domin a gaskiya babu mai hawa sama da nan a kan tsirkiyar Si sai jefi-jefi.

9. Ampili da yanayi

Ƙaramin ampili mai lasifika inci 8 ko 10 ba zai iya fitar da ainihin gindin Si ba, kuma idan ka ƙure masa maɓallin ƙasan murya don ka tilasta shi, takardar lasifikar ce za ta yi ta karkarwa har ta yage. Ka rage ƙasan muryar kaɗan, ka ƙara ta tsakiya, a nan ne kunne ke gane nota. Ka kaɗa kusa da jaki, inda tsirkiyar ta fi tauri, kuma ka rage ƙarfin hannu.

Saitin da ka yi yau ba zai kai shekara ba a ƙasar nan. Daga Nuwamba, idan hunturu ya busa, katako yana bushewa ya tsuke, wuya ya motsa, har bakin firet ya fito yana yankar hannu. Idan damina ta kankama a Yuli da Agusta sai ya sha laima ya koma wata fuskar. Saboda haka nakan duba kwarin wuya sau biyu a shekara, farkon hunturu da farkon damina, kuma sau da yawa kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ya isa. Kada ka bar jitar a cikin mota ko a ɗakin kwano a rufe a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40.

Gumi shi ne ke cin tsirkiya, kuma mai kauri ta fi tara dauɗa a tsakanin naɗinta, ita ce kuma ta fara mutuwa. Etienne Mbappe, ɗaya daga cikin manyan makaɗan bas na Kamaru, da safar hannu ta siliki yake kaɗawa. Mu da ba mu saba da haka ba, tsumma busasshe bayan kowane wasa ya ishe mu, a goge sama da ƙasan tsirkiyar. Idan muryar ta dushe kuma sabon jeri bai iso daga kudu ba, ka cire su ka jiƙa a alkol na ƙonawa kwana ɗaya, ka shanya su bushe sarai kafin ka mayar. Wasu suna tafasa su a ruwa na minti goma, yana aiki, amma idan ba su bushe har ciki ba tsatsa ce ke biyowa. Bayan ka mayar da su, ka sake duba mataki na 8, domin da wuya tsirkiyar ta koma kan sirdi a daidai inda ta lanƙwasa da farko.